Zaurancen Akwati

Nomau ya aiko akwati daga Abijan,
fari, mai ƙaho biyu kamar ɗan akuya.
Ya ce, Inna, jona shi a kuran,
duk daren Juma'a za ki gan ni.
Na ɗora shi kusa da tasoshin aurena,
yana ta ƙifta koren ido.

Watan fari na gan shi sarai,
har furfurar da yake ɓoye mini.
Wata na biyu fuskarsa ta soma sandarewa,
baki buɗe, gaisuwa ta maƙale
tsakanin bakin teku da Tawa.
Jikka goma na zuba.
Kafin kasuwar Lahadi ta zagayo
tulun ya ƙafe.

Ashe fadar samarin Bilbis ce ta yi ƙaura.
Sun bar inuwar bedi,
sun tare gindin katangata, inda ko kara ba ya inuwa,
da butar shayi da gawayi,
kowa ya duƙa kan tafinsa kamar mai duba.
Ni ko har ruwan sanyi nake aika musu,
ina cewa yaran nan sun san darajar tsofaffi.

Shafa'atu ce ta gano, jikata mai zuwa lakkwal.
Ta kifa akwatin, ta karanta cikinsa,
ta yi dariya har da hawaye.
Kaka, makullin da ya zo da shi ke nan,
ɗaya, biyu, uku, har takwas?
Ai ko kaza ta taka waya ta buɗe.
Ƙofarki labule ce.

Na ce to sa sunana.
Ta ce har mai tallan ƙanƙara ya san shi.
Sa Nomau.
Shi za su fara gwadawa.
Shekarar haihuwata fa?
Wannan ko ni ban riƙe ba.
Ta ce nemo doguwa, mai gargada,
wadda ba ta bakin kowa.

Sai na yi shiru, na koma ƙauyenmu.
Na ɗauko sunan wata tunkiyar uwata
da ta mutu shekarar fari,
na ɗaura masa zurfin rijiyarmu,
na ƙulle da kalmar da na gaya wa marigayi
ran da ya fara tare ni a hanyar gona.
Kada ku miƙo kunne, iyakar abin da za ku ji ke nan.

Ta ce saura ɗaya.
Abin da ke fita wayarki zuwa akwatin
tsirara yake ratsa iska,
mai kunne sai ya tsinta.
Ta latsa, ta latsa, ta ce shi ke nan,
yanzu zaurance suke yi su biyu,
na waje hayaniya kawai zai ji.

Zaurance!
Mu da muka yi shi a bakin rijiya,
muna zancen samari gaban gwaggo,
tana jin kowane harafi, ba ta kama ko ɗaya ba.
Ashe ƙarfe ma ya koyi wayon 'yan mata.

Kwana biyu gindin katanga wayam,
sai tokar murhu da kwalin sukari.
Ran na uku Ilu tela ya yi sallama,
ya gaida ni, ya gaida ƙafata, ya gaida awaki,
sannan ya sosa ƙeya.
Hotunan ɗinki ake turo masa daga Konni.

Nan na rasa ta cewa.
A gidanmu ba a hana ruwa.

Shafa'atu ta ce, to a kafa randa a waje.
Ta buɗe wa baƙi tasu ƙofa,
da nata makulli, da 'yar moɗa mai awo,
in wata ya kama a sake kalma.
Randar ɗaka kuwa da faifanta a rufe.

Daren jiya Nomau ya fito tas,
har ina ƙirga haƙoransa.
Ya ce, Inna, wai me kika sa?
Na ce, ɗan nan, wannan ba ta bin iska.
Zo gida.
Zan raɗa maka a kunne.